Igiya a Hannu, Ido a Ƙasa

Ranar Lahadi ce, makon farko na watan Maris, ƙarfe tara da rabi na safe. Mu uku ne a ƙofar wani bene a unguwar Dokki, a babban birnin Masar: ni, da Malam Sanusi, abokina tun firamare wanda ke karatun fiƙihu a Alƙahira, da mai gadin benen, wani dattijo da ke shan shayi a kan benci. Na miƙa masa takardar da ke ɗauke da adireshin cibiyar horar da 'yan jarida da na zo dominta. Ya duba gabanta, ya juya bayanta, ya maido mini.

"Hawa na huɗu likitan haƙori ne," in ji shi. "Ya daɗe a nan. Kuma ba kai ne na farko da ya zo da irin wannan takarda ba."

Saboda wannan takarda na ajiye aikina a gidan rediyo, inda na yi shekara shida ina karanta labaran ƙarfe bakwai na yamma. A nan tsaye na buga lambar mutumin da ya shirya mini ita a Kano, aka ce a kashe take. Mai gadin ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ya matsa gefe a kan bencin, ya wanke kofinsa ya zuba mini shayi.

Daga nan sai Abbasiya, unguwar da Sanusi ke zaune. Su biyar ne a ɗakin su Sanusi, aka shimfiɗa mini katifa tsakanin firji da ƙofa. Cikin kwana uku Sanusi ya gano wata makaranta ta gaskiya, amma sai watan Oktoba take ɗaukar ɗalibai. Tikitin komawata kuma yana da rana, wata Alhamis a ƙarshen Afirilu. Abu biyu ne a gabana: in sami aikin da zai riƙe ni har Oktoba, ko in hau jirgi ranar in je in tsaya gaban mahaifiyata ba takarda ba aiki. Kullum ƙarfe bakwai ta yi sai in ji ina gyara murya, alhali ba mai saurarena sai firji.

"Akwai wata tsohuwa a bakin ruwa," Sanusi ya ce mini wata safiya. "In ba ta san mai neman ɗan aiki ba, to babu shi a garin nan."

Inna Batula Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun bar ƙasar Hadejia da ƙafa za su Makka, suka yi zango a hanya, zangon ya zama gida. A unguwar Hadayek el-Maadi take kwana, da rana tana sayar da shayi a inda jiragen ruwa masu tafiya da iska ke tsayawa a gaɓar Nilu. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan wane gari?"

"Gumel, Inna."

"Ka iya ruwa?"

"Ban iya ba."

"Jan guga fa?"

"Wannan kam, rijiyar unguwarmu gaba ashirin ce."

"Khalas, shi ke nan," in ji ta. "Igiya ai igiya ce. Ya Hamza, zo ka ga."

Rayyis Hamza mutumin Aswan ne, dogo, baƙi kamar mu, ya kusa saba'in. Rayyis shi ne sarkin jirgi. Nasa jirgin, irin wanda suke kira faluka, yana cikin gyara tun hunturu, kuma mai taimaka masa ya yi aure ya tafi neman aiki wata ƙasa. Ya kama hannuna ya murza tafin.

"Hannun ustazu," ya ce wa Inna Batula. "Me yake yi a ƙasarsu?"

"Magana a rediyo."

"To iska ba ta sauraren rediyo." Ya sake ni. "Zan gwada shi har ranar Shammun Nasim. Ranar za mu fara ɗaukar mutane. In na ga da amfani ya zauna, in ba haka ba kowa ya kama gabansa."

Na tambayi Sanusi yaushe ne. Ya ce bikin shigowar bazara ne, kullum Litinin yake faɗawa. Na duba kalanda: kwana uku kafin ranar tikitina.

Faluka ba ta da inji. Kwale-kwale ne mai faɗi da ke ɗaukar mutum goma sha wani abu, da ginshiƙi tsaye a wajen goshinsa, da wata doguwar sanda da ke gicciye a kan ginshiƙin, ta fi jirgin kansa tsawo, tsininta na kallon sama. A jikin wannan sanda ake rataye zanen da ke tare iska, mai kusurwa uku, wanda aka ɗinka ƙyalle-ƙyalle kamar babbar riga. A baya akwai daffa, katakon da ake juya jirgi da shi. Makon farko a ƙasa muka yi shi. Muka baje zanen a kan dakali, Rayyis ya ba ni basilla da zare mai kakin zuma, ina bin inda rana ta cinye ina faci. Ba a yin zanen da ƙyalle ɗaya, in ji shi, don in iska ta yaga, ta tsaya a ɗinki na gaba.

Ranar da muka ɗaura shi muka fita gwaji da hantsi, mu biyu kawai. Ya sa mini rigar ceto ruwan lemo, ma'aikatan jirgin da ke maƙwabtaka da mu suka yi ta dariya, wani mai suna Ramadan yana ce mini kabewa. Na kwance igiyoyin da suka naɗe zanen, na ja wadda aka ce in ja. Zanen ya zube, ya yi ta kaɗawa yana ƙara, sannan ya yi shiru, ya kumbura. Sai na ji katakon da ke ƙarƙashin ƙafata ya motsa. Ba rurin inji, ba hayaƙi, ba wanda ya tura mu, ga shi muna tafiya, kuma gaba da ruwa muke yi. Ruwan Nilu arewa yake gangarawa, iskarsa kuma daga arewa take zuwa. In za ka kudu iska ta kai ka, in za ka dawo ruwa ya kawo ka. Na tsaya riƙe da igiya ina dariya ni kaɗai, abin da rabona da shi tun Dokki.

"Yana dariya," in ji Rayyis, kamar da kogin yake magana. "Bari ya ga hannunsa gobe."

Igiyar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta gindin zanen, wadda ni a raina nake kira linzami. In ka ja ta, zane ya tare iska sosai, jirgi ya ƙara gudu ya karkata. In ka sassauta, iska ta zube, jirgi ya miƙe. A yawancin jirage rayyis ne ke riƙe ta da kansa, amma kafaɗar Rayyis Hamza ta dama ta gaji, saboda haka ni ne hannunsa. Rana ta biyu, da tafina ya fara zafi, na ƙulle ta a jikin turken gefen jirgi, irin ƙullin da muke yi wa rago. Na yi shi da kyau har ina jin daɗi. Rayyis ya saki daffa, ya tako, ya zaro wuƙa ya ɗora a kan ƙullin.

"Wannan ɗaurin na mene ne?"

"Na rago, ya Rayyis."

"Rago in ya fizga sai ya gaji. Iska in ta fizga, mu ne za mu kwana a ƙasan kogi. Zagaye biyu a turke, wutsiya a hannunka. Ba a ƙulle ta. In na sake gani zan yanke, kai za ka saƙa wata."

Ban sake ba. Na koyi hawan ginshiƙi da ƙafa ba takalmi, in bi doguwar sandar da ciki ina tattara zane ina ɗaurewa. Karon farko ban yarda na dubi ƙasa ba. Karo na goma, na tsaya can sama na ga dala uku na Giza a bayan gine-gine, ƙanana kamar tarin gero a masussuka, har sai da Rayyis ya tambaya ko haya na kama a can. Na koyi juyawa idan muna dawowa gaba da iska: ya tura daffa, ya yi tsawa, in sunkuya zanen ya wuce ta kaina, in zagaya da igiya ɗaya gefen in ja da dukan bayana. Jan guga ya yi mini rana. Tafina ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Da dare a Abbasiya ina ba su labari, Sanusi ya ce tun da na zo ba a yi hirar fiƙihu a ɗakin ba, sai ta iska.

Abu ɗaya ne ya riƙa shiga tsakanina da Rayyis, ni kuma ban ɗauke shi komai ba. Sau da yawa in yana yi mini bayani sai ya tsaya ya ce, "Dube ni." In ɗaga kai har wajen gemunsa, in mayar ƙasa. In faɗa yake yi, in ƙara sunkuyawa. Haka aka rene ni. Mahaifina ya rasu ban san launin ƙwayar idonsa ba. Tun da umarnin Rayyis da murya yake zuwa, kuma muryarsa na kai har ɗaya gaɓar, aiki bai taɓa tsayawa ba.

Ana gobe biki ya zaunar da ni a kan dakali.

"Gobe ba tsawa. In akwai mata da yara a jirgi ba na ɗaga murya. Da sun ji rayyis yana ihu sai su zabura su tattaru gefe guda, shi ke kifar da jirgi, ba iska ba. Da ido zan yi maka magana. Gira sama, saki. Haɓa ƙasa, ja. Ka gane?"

"Na gane, ya Rayyis," na ce wa yatsun ƙafarsa.

Ranar Litinin kafin ƙarfe tara gaɓar ta cika maƙil. Iyalai da kwanduna, dafaffen ƙwai mai launi-launi, ganyen albasa, da wani kifi mai gishiri da warinsa ya sa na daina jin kunyar daddawa. Mu muka ɗauki iyali guda, mutum goma sha biyu, da kakarsu, wata tsohuwa mai jiki da aka zaunar a gefen hagu aka jera mata matasai. Wajen fita na yi jinkirin tura gora, goshinmu ya gogi jirgin su Ramadan. Ba wani abu ba ne, fenti ne ya ɗan kuje. Rayyis ya ce da ni a hankali, "Ka farka, ya ustaz." Kunya ta rufe ni a gaban baƙi. Na koma wurina, na yi wa igiya zagaye biyu, na tsuguna, na kafa ido a katako.

Mun yi tafiyar kamar minti ashirin lafiya lau. A daidai Maadi akwai dogayen benaye a jere, iska kan maƙale a bayansu, sannan ta fito ta tsakaninsu da ƙarfi kamar an buɗe ƙofa. Rayyis ya hango ta a kan ruwa. Ya ɗaga gira. Daga baya aka gaya mini sau uku ya ɗaga, har da buga ƙafa. Ni ina kallon wani ƙusa.

Abin da na fara ji shi ne igiya ta yi tauri a hannuna kamar ƙarfe. Jirgin ya kwanta hagu. Ruwa ya hauro ta gefe, ya bi ta cinyar tsohuwa, ya kwashe tiren kifi da ƙwai. Yara suka fasa kuka, maza biyu suka miƙe.

"Saki!"

Na buɗe hannu. Igiyar ta zare daga turke, zanen ya yi waje yana bugawa kamar ana harbi, jirgin ya dawo ya zauna. Duka-duka bai kai daƙiƙa goma ba. Ba wanda ya faɗa ruwa. Amma tsohuwa ta jiƙe har ƙugu tana salati, ɗanta yana zagin Rayyis da sunan uwa da uba, ƙwai ja da shuɗi suna yawo a ƙafafunmu. Rayyis ya juya jirgi muka koma, ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ya sumbaci kan tsohuwar. Da suka tafi ya miƙo hannu.

"Kawo rigar. Khalas."

Na cire rigar ceton na ba shi. Na hau matakala na zauna a bayan teburin Inna Batula, ina lissafin abin da zan ce a gida ranar Juma'a. Ta ga komai daga inda take. Da Rayyis ya hauro neman shayi, sai ta tare shi.

"Don jiƙa tsohuwa ɗaya za ka kore shi, ya Hamza? Kai nawa ka jiƙa?"

"Ba don ruwa ba ne. Mako shida ina yi masa magana yana kallon ƙafata. Mutumin da ba ya duban fuskarka, ko ya raina ka ko yana ɓoye wani abu. Ba na fita kogi da irinsa."

Inna Batula ta ajiye buta ta yi dariya har tana riƙe teburi.

"Shekara nawa kana shan shayina ba ka san mutanena ba? A wurinmu wanda ya zuba wa babba ido shi ne marar kunya. Wannan sunkuyon da kake gani, matsayin ubansa ya ba ka."

"Wa ya roƙe shi? 'Ya'yana bakwai, sun ishe ni. Mai riƙe igiya nake nema."

Ta juyo kaina, ta koma Hausa. "Kai kuma ɗan nan, an ce maka da ido za a yi magana, ka ce ka gane. Da wane idon? Na ƙeya?"

"Inna, na ɗauka zan riƙa satar kallo."

"Ka saci me? Tashi ka tsaya."

Na tashi. Rayyis ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan ya juya mini baya.

"Ya ustaz. Idona ɗaya ba ya gani. Wanne ne?"

Mako shida muna jirgi ɗaya, muna cin wake a kwano ɗaya.

"Ban sani ba, ya Rayyis."

Ya juyo. "To duba."

Na karanta labarai kai tsaye ranar da wuta ta ɗauke a situdiyo, na hau ginshiƙi iska na kaɗawa, duk ba su kai wannan wuya ba. Wuyana ya ƙi. Na ɗaga kai kamar ana ja da igiya, na wuce gemu, na wuce hanci.

"Na hagu," na ce. Yanar ido ta rufe shi fari fat.

"Na daman za ka bi. A tudu ka kalli duk ƙasar da kake so, ba ruwana. A kan ruwa, nan." Ya nuna idon da yatsa. Ya waiwaya matakala, inda wasu 'yan mata ɗalibai su tara ke jira da 'yar ganga, ba jirgin da ya rage sai namu. Ya jefo mini rigar. "Sau ɗaya. Yalla, mu tafi."

Muka kwashe ruwa da bokiti, muka fita ƙarfe ɗaya da kwata. Na yi zagaye biyu, na tsaya a tsaye, na kafa ido a fuskarsa. Minti biyar na farko ji nake kamar zagin sa nake yi. Sai na fara ganin abin da na yi mako shida ina rasawa. Rayyis ba ya kallon zane sam. Idonsa na can kan ruwa, wajen da iska ke fitowa. Na bi inda ya duba, na ga wani baƙin tabo yana tahowa a kan kogin, ruwan yana yamutsewa kamar fatar tsoho. Na dawo da ido. Gira ta ɗaga. Na saki taku biyu, iskar ta iso ta same mu a shirye, jirgin ya ɗan rusuna kawai ya ƙara gudu. Haɓa ta sauka, na ja. 'Yan matan ba su ma san an yi wani abu ba, suna ta kiɗa.

Daga nan abin ya zama daɗi zalla. Tabo na biyu na gan shi tare da Rayyis. Na uku na riga shi, hannuna ya fara sassautawa kafin girar ta gama tashi, na ga gefen bakinsa ya motsa. Jirgin su Ramadan yana gabanmu da kamar tsawon jirgi biyar. Rayyis ya dube shi, ya dube ni, ya sauke haɓa a hankali. Na ja har igiyar na kuka a turke. Ruwa na tsagewa a goshinmu, doguwar sandar na lanƙwasa, zanen da na yi wa faci da hannuna ya cika tam ba ko tattara. A bakin benayen nan iskar ta sake fitowa. Su Ramadan suka saki da yawa, zanensu ya yi ta bugawa. Mu taku ɗaya muka bayar, muka karɓe abinmu, muka wuce su kusa har ina ganin shayin da ya zube a rigarsa.

"Kabewa ta wuce ku," in ji Rayyis, ba tare da ya ɗaga murya ba. 'Yan matan suka ɗauki guɗa.

Sau huɗu muka fita ranar. Da la'asar sakaliya na hau na naɗe zane, na sauko, na miƙa masa rigar ceto. Bai karɓa ba.

"Rataye ta a inda za ka same ta. Gobe ƙarfe bakwai. Kuma ka koyi iyo, abin kunya ne."

Ranar Laraba Sanusi ya raka ni aka ɗage tikitin. Na yi wata shida a jirgin Rayyis Hamza, na shiga makaranta a Oktoba, ina komawa kogi duk Juma'a har na gama. Da na dawo Gumel bayan shekara biyu, mako bai cika ba kawuna ya je ya sami mahaifiyata, ya ce Masar ta ɓata mini tarbiyya, yanzu tsakar ido nake kallon mutane.